Ki Yi Gudun Legas Ko Babu Ni

Samaru, Zariya.

Zuwa ga 'yata Hannatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Legas lafiya, ya tsare ki daga mugun direba da mugun abokin tafiya, ya ba ki masauki mai kwanciyar hankali, ya haɗa ki da mutanen kirki a sabon wurin aikinki. Na ce wa Mamanki ta cusa ta a jakar da ta zuba miki yaji da garin kunu, don na san ita za ki fara buɗewa kafin ta kayan sawa.

Kin san ni da surutu. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina yi wa 'ya'yan mutane bayani, amma in magana ta zo tsakanina da ke sai bakina ya yi nauyi. Laifin wanda ya sa miki sunan mahaifiyata ne, wato ni, domin kin ɗauko har da kallon nan nata da ke sa mutum ya manta abin da ya zo faɗa. Ranar da muka dawo daga asibiti, bayan likita ya gaya mana gwiwata ta dama ta gama dogon gudu a duniya, muna cikin cin tuwo kika tsame hannu kika ce, "Baba, in ba da kai ba, ni ma na fasa." Na ce ki ci abinci, za mu yi magana. Har kika haɗa kayanki ba mu yi ba.

To ga maganar. Ban yarda ki fasa ba. Gudun fanfalakin nan na Legas da muka sa sunayenmu tare, ina so ki tsaya a layi ranar, ki yi shi har ƙarshe. Ba zan yi miki dole ba, kin wuce nan. Amma ina da ɗan guzurin da zan ba ki, kuma ba wani abu ba ne illa shirmen da na tafka a kan hanyar nan. Ke kin shigo gudu ne bayan kin gama karatu a Jos kin dawo gida zaman jiran aiki, kika tarar da ni da takalmi da gajeren wando kamar wani gwani. Ba ki ga farkon ba, kuma na roƙi Mamanki kada ta ba ki labari. Yau ni zan bayar da bakina.

Kina shekara ta biyu a jami'a aka auna ni aka ce jinina ya hau, sukari kuma yana leƙowa. Likita ya ce, "Malam Yohanna, ka riƙa motsa jiki, ko tafiya ce a ƙasa." Tafiya ya ce, amma ni gudu na ji, saboda a sakandare na taɓa yin gudu ranar wasanni har aka tafa mini, kuma ban lura da yawan shekarun da suka shige a tsakani ba. Washegari da sassafe na kama hanyar Bomo. Daidai lokacin ɗaliban da ke haya a can suke tahowa makaranta, ayari-ayari, da jakunkuna a baya. Na ce a raina yaran nan ba za su ga tsoho yana jan ƙafa ba. Na ɗaga ƙirji na saki gudu iya ƙarfina. Ban kai kwalbatin farko ba na ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji, idona ya fara ganin duhu-duhu. Da ƙyar na ƙarasa na zauna a kan kwalbatin ina haki, ɗaliban suna wucewa ta gabana ɗaya bayan ɗaya, kowa da "Sannu Baba." Wani ɗan acaɓa ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, gida ko asibiti?" Na ce gida. Mamanki tana shara a ƙofa ta ga an sauke ni, ta jingina tsintsiya ta ce, "Sannu da dawowa. Har an raba kyautar?" Kwana da kwanaki in zan zauna sai na dafa bango.

Abin da na koya daga baya, da ƙyar, shi ne dogon gudu a hankali ake gina shi, a hankalin da har kunya yake ba mutum. Ki yi gudun da za ki iya hira a cikinsa. In babu abokin hira, ki rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, in numfashi ya hana ki kai ƙarshen baiti to kin yi sauri, ki rage. In jiki ya ce tafiya, ki taka a ƙasa, babu mai rubuta sunanki. A Legas za ki ga masu agogo a hannu da takalma masu ƙyalli suna wuce ki fuu, ki bar su su wuce. Ranar gasar ma haka ne, an ce da an busa kowa yake ɗiba a guje kamar ana rabon shinkafa a gaba. Kada ki bi su. Kilomita arba'in da biyu ne, ƙarfin da kika ɓarnatar da sassafe shi za ki nema da hantsi ki rasa.

Bayan wannan faɗuwar na ajiye takalmi na daɗe ban sake taɓa shi ba. Kullum ina jiran ranar da zan tashi in ji ina sha'awar fita. Yau hadari ne, gobe ina da takardun yara da zan duba, jibi na kwana da ciwon kai. Ranar sha'awar ba ta zo ba, sai da aka sake auna ni na ga fuskar likita ta canja. Da na koma kuma sai na ɗauko wata wautar, in na yi fashin kwana biyu sai in ce zan rama, in haɗa gudun duka in yi a safiya ɗaya, in kwanta jinya sauran makon. Gudun da ya wuce ki ya wuce, ba a ramuwarsa. Aiki sabo zai ƙwace miki wasu ranaku, cunkoson motocin can zai ƙwace wasu. Ki ci gaba daga inda kike, ki riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan mako bayan mako. Kuma kada ki tambayi zuciyarki da asuba ko tana son fita, don amsarta ɗaya ce. Ki ajiye kayan gudun kusa da gado tun da yamma, in kin tashi ki sa su kafin ki fara tunani.

Da na fara samun numfashi sai wata matsalar ta taso, ita ce gaisuwa. Kin san layinmu. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi mutum ba ya wucewa haka nan, ga mai shayi, ga masu dawowa daga masallaci, ga maƙwabcinmu Alhaji Sani a kan bencinsa da rediyo. Kuma Alhaji ba ya gaisuwar tsaitsaye. Sai an tambayi kwana, an tambayi gajiya, iyali, ruwa, gona, har Hannatu da ke Jos. Kafin a gama zufa ta bushe, ƙafa ta yi sanyi, sai in sake sabon farawa. Sai na ƙirƙiro dabara irin ta marar wayo. In na zo wucewa sai in sunkuyar da kai in ɗaure fuska, wai ni gudu ya ɗauke mini hankali ban ga kowa ba. Mutumin da ya ɗauki Mamanki a motarsa ya kai ta asibiti ranar da za a haife ki, shi nake wucewa kamar falwaya. Sai wata rana Hajiyarsa ta shigo wurin Mamanki, bayan sun gama hira za ta tafi ta ce, "Alhaji ya ce in tambaya, ko mun yi wa Malam wani laifi ne?"

Da Mamanki ta gaya mini, kunya ta hana ni cin abincin rana. Da yamma na je na zauna a bencin nan na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Haba Malam, ai da ka faɗa. In kana gudun ka ɗaga hannu kawai, sauran gaisuwan ka kawo min da yamma." Haka muke yi har yau, shi ya sa kike ganin in mun wuce ina ɗaga masa hannu biyu.

Gudu yana da son kai, Hannatu, kuma yana koya wa mai yinsa. Horo zai ci safiyarki, ya ci Asabar ɗinki, ya sa ki barci lokacin da wasu suke fara hira. Mutanen da ke kusa da ke ba su san abin da ke cikin kanki ba, abin da suke gani kawai shi ne kin daina zama da su. Ki buɗe baki ki gaya musu. Wadda za ku zauna gida ɗaya ki gaya mata dalilin da kike buɗe ƙofa tun gari bai gama wayewa ba. Abokan aiki in sun gayyace ki biki ba za ki iya ba, ki faɗi gaskiya, kada ki ɓace musu shiru. Ki nemi coci ki riƙa zuwa, kada dogon gudu ya cinye miki sujadar Lahadi. Kuma ki riƙa kiran Mamanki, ita ba ta karɓar ɗaga hannu.

Babban shirmen kuwa a Sabon Gari na yi shi, kuma shi na fi so ki riƙe. A lokacin ban yarda in sa gajeren wando ba. Ina malamin makaranta, ina dattijon ikilisiya, ga furfura a kai, in fito da ƙwauri a waje? Na ce ba da ni ba. Da kaftani nake gudu, tsohon nan ruwan toka, da hula a aljihu da kambas a ƙafa. A Samaru an saba da ni, an riga an gama dariyar. Da ƙafata ta yi ƙwari sai wata Asabar na ce bari in ƙara nisa, in leƙa Sabon Gari in dawo. Na wuce Hanwa da Kwangila lafiya lau, na isa gefen kasuwa daidai ana buɗe shaguna. Babura suna ta zuwa ta bayana, don haka ina gudu ina waiwaye. Ki zana hoton a ranki, dattijo da kaftani, sharkaf da zufa, yana gudu yana waige.

Ban ankara ba sai na ji an ja ƙofar shago ƙasa da ƙarfi, sai ta biyu. Wani mai turin baro ya saki baronsa ya biyo ni. Mata biyu da kwanduna a ka suka shiga gabana a guje. Wani ya ƙwalla mini tambaya da turancin kasuwa, "Baba, wetin happen?" wato me ya faru. Ba ni da numfashin amsawa, na ɗaga masa hannu kawai, shi ma ya ɗiba. Da na sake waiwayawa na ga jama'a na tahowa a guje a bayana. Na ce shi ke nan, wani abu ya ɓarke a gari, ga ni nesa da gida. Na ƙara wuta. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, kafin nan ko bayan nan.

A bakin layin dogo numfashi ya ƙare, na tsaya na dafa gwiwa. Mutane suka taru a kaina, kowa na jefo tambaya, daga ina aka fara, su wane ne, an ƙona wani wuri ne. Da na iya magana na ce, "Ni ma ku nake tambaya, me ya koro ku?" Wani mai sayar da kayan mota, yana riƙe da makullan shagonsa, ya ce, "Ai kai muka gani."

Wasu sun yi dariya, wasu sun zage ni, kuma masu zagin sun fi gaskiya. Na koma da ƙafa ta hanyar da na biyo, ina ba mutane haƙuri shago-shago. A kwanar kasuwa na tarar da wata dattijuwa mai ƙosai zaune an naɗe mata hannu da tsumma. Garin sauke kasko da sauri mai ya zubo mata. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce motsa jiki nake yi, likita ne ya sa ni. Ta dube ni, babu fushi a fuskarta, ta ce, "Malam, mu a nan in mun ga babba na gudu ba mu tambaya. Mun taɓa tsayawa tambaya." Duk wanda ya daɗe a ƙasar nan ya san irin lokutan da take nufi. Na raka ta kemis aka wanke mata hannun, kuma na riƙa leƙa ta har ya warke, amma tabon yana nan. A makon nan na sayi gajeren wando da riga mai lamba a baya, mai launin da ake hangowa daga nesa.

Girman da nake tattalawa da kaftani shi ya ƙona hannun baiwar Allah, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ba ke kaɗai ce a titi ba, duk wanda ya gan ki kina gudu sai ya ba abin ma'ana gwargwadon abin da ya taɓa gani. Ki sa kayan da kowa zai gane wasa kike yi. Irin suturar da ta dace da ke kin san ta, ba sai na koya miki ba. Kafin ki yi gudu a unguwa ki fara bin ta da ƙafa, ki gai da masu shago su san fuskarki, ki tambayi inda ba a bi. Ke baƙuwa ce a can, ba ki san abin da ya taɓa faruwa a kowane lungu ba. Kada ki toshe kunnuwa biyu da waƙa. Kada ki fita da duhu ke kaɗai, na ji akwai masu haɗuwa su yi gudu tare da safe, ki nemi taron da akwai mata a ciki. Ki riƙa gaya wa wani hanyar da za ki bi. Ki kama gefen da za ki riƙa fuskantar motoci, don an ce direbobin can ba su da haƙuri, na nan ma kin ga halinsu.

Ƙananan shirme kuwa suna da yawa, wasu kin gani da idonki. Akwai takalmin gwanjon da na saya don kyansa alhali ya matse ni, na ce zai buɗe. Bai buɗe ba, farcen babban yatsana ne ya yi baƙi ya fita. Ki gwada takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki bar sarari a gaba. Akwai safiyar da na ɗumama tuwon jiya da miyar kuka na cika ciki wai don in sami ƙarfi, na ƙare a cikin masarar wani bawan Allah a Bomo, ina addu'a kada mai gonar ya zo kewaya. Abin da za ki ci ranar gasa ki gwada shi tun yanzu a ranakun dogon gudu, kunu ne, burodi ne, ayaba ce. Ranar kuma kada ki sa komai sabo, ko a baki ko a ƙafa, ko da kyauta aka raba. Ruwa ki sha shi kafin ƙishi ya matsa. Na daɗe ina ganin ɗaukar gora ragwanci ne, har ranar da jijiyar ƙafata ta ɗaure a hanyar Shika na kasa gaba na kasa baya. Zafin Legas an ce mai ɗanshi ne, zufa ba ta bushewa, to sai ki ƙara kula.

Yanzu bari in zo kan gwiwa, tun da ita ta kawo mu nan. Ba ranar da kika gan ni ina ɗingishi ta fara ba. Tun farkon damina take yi mini magana, wani ɗan suka ta gefen ciki duk lokacin da muke gangara. Na san bambancin gajiya da ciwo sarai. Gajiya jiki duka take bi, in an yi barci ta tafi. Ciwo wuri ɗaya yake zama, ana iya nuna shi da yatsa, kuma gobe yana nan. Na sani, amma mun riga mun sa suna, na riga na gaya wa rabin ikilisiya zan je Legas da 'yata. Sai na shiga shafa man zafi, ina naɗe ta da bandeji, na koma sa dogon wando na ce miki sanyin safiya nake ji. Kafin mu fita in haɗiyi maganin kashe ciwo. Maganin ya rufe wa gwiwar baki, ni kuma na ci gaba da taka ta. Likita ya ce da na zo da wuri na huta 'yan makonni, da wataƙila wata maganar ake yi yanzu. Wataƙila ya ce, kuma shekaru ma da nasu hannun a ciki, amma ni na san abin da na yi.

Don haka kada ki ce gudu ne ya cuce ni, har ki tsorata da shi ko ki yi fushi da shi. Gudu ya sauke mini jini, ya mayar mini da barci, ya ba ni safiyoyin da na yi da ke a hanyar Bomo muna kallon masara tana tashi daga ƙwauri har ta fi mu tsawo. Taurin kai ne ya ci gwiwata, kuma ina jin tsoro domin kin gaje shi. Ke ce kika rubuta jarrabawa da zazzaɓi ba ki gaya wa kowa ba sai da kika yanke jiki a ƙofar gida. In wani wuri ya fara ciwo ki tsaya, ki huta, ki je a duba. Ranar hutu tana cikin horo, ba ha'inci ba ne. In ma ta kama ki bar na bana ki yi na baɗi saboda jiki, wannan na yarda da shi da zuciya ɗaya. Wanda ban yarda da shi ba shi ne ki bari saboda ni.

Akwai kuma inda ilimina ya ƙare. Mafi nisan da na taɓa yi ke ma kina wurin, ranar da muka wuce Shika muka dawo, wajen kilomita talatin. Abin da ke gaba da nan ban san shi ba. Waɗanda suka yi sun ce a can ne ƙafa take zama kamar ta aro, zuciya ta fara kawo dalilai masu kyau na tsayawa. Ni dai a ɗan nisan da na sani, in tunanin tsayawa ya zo ba na gardama da shi. Sai in ce masa to na ji, bari mu kai wancan mangwaron tukuna. In mun kai in nuna masa wani. Ki gwada, in bai yi aiki a can ba ki nemo taki dabarar, ki dawo ki koya mini. Ina so in ji yadda wurin yake daga bakin wadda zan yarda da maganarta.

Na san dalilin da ya sa kika ce kin fasa. Kina ganin abin nawa ne, ni na fara shi, ke rakiya kika yi, kuma zuwa babu ni kamar cin amana ne. Na gode da wannan zuciyar, Allah ya saka miki da alheri. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Bayan mun tashi daga tuwon nan na shiga ɗaki na ga takalmina a bayan ƙofa, sai da na zauna bakin gado na share hawaye, ni da furfurata. Na so in tsaya a layin nan kusa da ke.

Amma akwai abin da kike tsammanin ban sani ba. Tun bara kika fi ni gudu. Na ga yadda igiyar takalminki take kwancewa daidai lokacin da numfashina ya fara ƙara, kullum a kan hawan nan na wajen Hanwa. Na ji yadda kike cewa, "Baba, mu ɗan taka, cikina ya ƙulle," alhali ko zufar kirki babu a goshinki. Malamin makaranta ne ni, Hannatu, na san yaron da ya san amsa yake yin shiru don kada abokinsa ya ji kunya. Na gani na ƙyale, saboda daɗin tafiya da ke. Da gwiwata ba ta ƙi ba, da haka za ki bi ni har Legas kina tsugunawa kan igiyar da ba ta kwance ba, mu shigo tare a ƙarshen mutane, ki rantse mini iyakar ƙarfinki ke nan. Ni kuwa ban taɓa ganin iyakar gudunki ba. Ke ma ba ki taɓa gani ba.

To yanzu babu wanda za ki jira. Likita bai hana ni shiga mota ba, bai hana ni tsayuwa a bakin hanya ba. Zan zo, ko da sanda ne, in tsaya cikin 'yan kallo in ga 'yata tana gudun da ba ta rage wa kowa ba. Abin da nake roƙo a wurinki ke nan, kuma ban taɓa roƙon ki abin da nake so kamarsa ba.

Allah ya tsare ƙafafunki a titunan da ban sani ba. Ya ba ki lafiya da barci mai daɗi, ya raba ki da sharrin hanya da na mutane, ya sa albarka a aikinki, ya kai mu ranar da rai da lafiya. Mamanki tana gaishe ki, tana ta yi miki addu'a. In kin gama karantawa ki huta gajiyar mota tukuna, kada ki yi gaggawa. In jiki ya dawo ki ɗauko takalminki, ki ɗaure igiyar sosai sau ɗaya, ki fita.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Yohanna.